KARIN KUMALLO GA YARON DA LIKITA YA HANA WA HATSI

Gabatarwa

A yawancin gidajen ƙasar nan, abin da ake fara ba yaro da safe daga hatsi yake fitowa. In ba koko ko kunu ba ne, to burodi ne da shayi, ko waina, ko fanke, ko ɗumamen tuwon jiya. Saboda haka ranar da likita ya gaya wa iyaye cewa ɗansu ya daina cin alkama, ko kuwa ya daina cin hatsi baki ɗaya, hankalinsu yakan tashi, su rasa abin da za su ba shi kafin ya tafi makaranta. Waɗansu sukan bar yaron da ruwan shayi kawai. Waɗansu kuwa tausayi yakan sa su koma ba shi abin da aka hana a ɓoye, ciwon ya dawo sabo.

An shirya wannan ɗan littafi ne domin a nuna wa iyaye cewa kasuwannin ƙasar nan cike suke da abincin da irin wannan yaro zai ci ya ƙoshi, ya kuma girma kamar sauran 'yan'uwansa. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo da doya da wake, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba hatsi ba ne. Abin da ake bukata shi ne a san abin da aka hana, a san abin da zai maye gurbinsa, a kuma san yadda za a sarrafa shi.

Abin da ake nufi da hatsi

A cikin wannan littafi, in an ce hatsi ana nufin alkama, da sha'ir, da gero, da maiwa, da dawa, da masara, da shinkafa, da acha, da iburu, da duk abin da aka yi da garinsu. Wake da gurjiya da waken suya da gyaɗa ba sa cikin hatsi. Haka kuma rogo da doya da dankali da makani da ayaba da agade. Aya ma ba hatsi ba ce, a cikin ƙasa take yin 'ya'ya kamar dankali.

Dalilan da ke sa a hana yaro hatsi

Dalili na farko shi ne wata cuta da likitoci ke kira siliyak, watau cutar ƙin alkama. A cikin alkama da sha'ir, da wani hatsi na ƙasashen sanyi da ake kira rai, akwai wani sinadari mai suna gulutin. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya miƙe in an ja shi. Cikin ƙaramin hanjin mutum akwai waɗansu 'yan tsinkaye masu laushi, kamar gashin tawul, waɗanda ke tsotse amfanin abinci su kai shi jini. In mai wannan cuta ya ci gulutin, sai garkuwar jikinsa ta auka wa waɗannan tsinkaye ta lalata su. Daga nan abinci yakan wuce ba tare da jiki ya amfana da shi ba. Alamun da aka fi gani ga yara su ne zawo mai daɗewa, kashi mai maiƙo da wari ƙwarai, kumburin ciki, ramewa, ƙarancin jini, yawan fushi, da rashin girma yadda ya kamata.

An daɗe da sanin cutar kafin a gano sanadinta. Wani likitan Ingila, Samuel Gee, ya bayyana alamunta a shekarar 1888. A 1924 wani likitan yara a Amurka, Sidney Haas, ya ba da labarin yaran da suka sami sauƙi bayan ya ɗora su kan abinci mai yawan ayaba, har mutane suka ɗauka ayaba ce maganin. Daga baya aka gane cewa abin da ya taimake su shi ne rashin alkama a cikin abincin. Wanda ya tabbatar da haka shi ne Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan. A lokacin yunwar da aka yi a ƙasarsa cikin 1944 zuwa 1945, sa'ad da burodi ya yi wuya, ya lura yaran da ke fama da cutar sun murmure, da burodi ya dawo kuma ciwon ya dawo musu. Ya gabatar da sakamakon bincikensa a 1950. A yau an ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya na ɗauke da cutar, kuma da yawa ba su sani ba. Tana bin jini: cikin iyaye da 'yan'uwan mai ita, kimanin 1 cikin 10 yakan kasance da ita. Ta fi kama yara masu ciwon sukari irin na ƙuruciya. Maganinta shi ne barin gulutin har iyakar rayuwa.

Dalili na biyu shi ne borin jini. Akwai yaron da in ya ci alkama, cikin 'yan mintoci sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, leɓɓansa su kumbura, ko numfashinsa ya sarƙe. Akwai kuma jariran da ke yin amai mai tsanani sa'o'i kaɗan bayan an ba su shinkafa ko wani hatsi. Yara da yawa sukan rabu da irin wannan in sun girma.

Dalili na uku shi ne gwaji. Wani lokaci likita yakan ce a janye hatsi duka na 'yan makonni, sa'an nan a riƙa mai da su ɗaya bayan ɗaya, domin a gano wanda ke damun yaron.

Tambayar da ta wajaba a yi wa likita

Matambayi ba ya ɓata. Kafin iyaye su bar ɗakin likita, lalle ne su tambaya: wane hatsi aka hana, kuma har zuwa yaushe? Amsar tana da muhimmanci ƙwarai. Gero da dawa da masara da shinkafa da acha ba su da gulutin. Yaro mai cutar siliyak yana iya shan kokonsa da kununsa, ya ci tuwon dawa da na shinkafa, muddin ba a gauraya su da alkama ba. Hana shi waɗannan ba gaira ba dalili zalunci ne ga cikinsa, kuma asarar kuɗi ce ga gidan. Wanda aka hana wa hatsi duka shi ne zai tsaya kan wake da saiwoyi kaɗai. Duk abincin da aka bayyana a wannan littafi babu hatsi ko kaɗan a cikinsa, saboda haka ya dace da yaran kashi biyun.

Kada iyaye su yanke wa yaro hatsi da kansu don sun ga yana zawo ko yana ramewa. Tsutsar ciki, da ruwa mara tsabta, da tamowa, duk suna kawo irin waɗannan alamu. Bugu da ƙari, gwajin jinin da ake yi don gano cutar siliyak ba ya nuna gaskiya sai yaro yana cikin cin alkama. In an janye ta kafin gwaji, sakamakon yana iya fitowa lafiya alhali cutar tana nan. A fara kai yaro asibiti mafi kusa. In bukata ta kama, za a tura shi sashen yara na babban asibitin koyarwa, irin na Zariya, ko Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, ko Jos, ko Ibadan, ko Legas, ko Enugu.

Abin da yaro ke rasawa in an janye hatsi

Hatsi ne ke ba yawancin yaran ƙasar nan ƙarfin jiki, yana kuma ba su wani kaso na sinadarin gina jiki, watau furotin. Tun daga shekarar 2002 doka ta wajabta wa masana'antu su riƙa ƙara bitamin A cikin fulawa da garin masara da sukari da man girki. Yaron da ya bar fulawa ya rasa wannan ƙari daga gare ta, sai a nema masa ta wata hanya.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a maye gurbin hatsi da rogo tsurarsa. A cikin giram 100 na fulawa akwai furotin kimanin giram 10. A cikin giram 100 na garin rogo bai wuce giram 2 ba. Busasshen wake yana da sama da giram 20, gyaɗa kimanin 25, waken suya sama da 30, ƙwai ɗaya kuwa kimanin giram 6. Yaron da aka tsare kan rogo da garin kwaki kaɗai zai cika ciki, amma tamowa tana iya kama shi. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce kowane karin kumallo ya haɗa abu huɗu:

1. Abu mai ba da ƙarfi: doya, dankali, rogo, makani, agade ko ayaba.
2. Abu mai gina jiki: wake, gurjiya, awara, ƙwai, kifi, nama, nono ko gyaɗa.
3. Cokali ɗaya na mai: manja ko man gyaɗa. Cikin yaro ƙarami ne, mai yana ƙara masa ƙarfi ba tare da ya cika ciki ba, manja kuma yana da bitamin A.
4. Ganye ko ɗan itace: zogale, alayyaho, karas, gwanda, mangwaro, gwaba ko lemo.

Dabarar yin waina ba tare da fulawa ba

Uwargidan da ta saba da wainar fulawa takan yi mamaki in ta gwada wani gari ta ga ya wargaje a kasko. Dalili shi ne babu gulutin da zai riƙe kwaɓin. Matan ƙasar nan sun daɗe da sanin maganin wannan, domin kuka da ake sa wa ɗanwake aikinta ke nan, ta ba shi yauƙin da zai haɗe shi. A wajen waina, ƙwai da garin alabo su ne ke yin wannan aiki. Sai a kiyaye waɗannan sharuɗɗa:

A bar kwaɓin ya huta kamar minti 10 kafin a fara suya, domin garin ya sha ruwa.
A yi wainar ƙanana, kada faɗinta ya wuce tafin hannun yaro, domin babba takan karye wajen juyawa.
A rage wuta. Ayaba da dankali suna da zaƙi, sukan ƙone ta waje ciki bai nuna ba.
Kada a juya sai gefen ya bushe, ƙananan ƙofofi sun fito a sama.
In ana son ta tashi ta yi laushi, a ware farin ƙwai a buga shi har ya yi kumfa, sa'an nan a zuba shi a ƙarshe a juya a hankali. Wannan ya fi aminci bisa hodar tashin kek ta gwangwani, domin sau da yawa akan gauraya ta da sitacin masara ko na alkama.

Ma'aunin da aka yi amfani da shi a nan shi ne ƙaramin gwangwanin madarar ruwa da babban cokalin cin abinci.

Wainar ayaba da ƙwai

A sami nunanniyar ayaba babba 1, ƙwai 2, da ɗan gishiri. A murƙushe ayabar da cokali har ta yi laushi, a fasa ƙwai a kai, a buga. In kwaɓin ya yi ruwa, a ƙara cokali 1 na garin aya ko na soyayyar gyaɗa. A shafa mai a kasko, a riƙa zuba cokali biyu-biyu. Ba ta bukatar sukari. Wannan ita ce mafi sauri, ba ta cin fiye da minti 15, kuma ta dace da ƙananan yara masu koyon tauna.

Wainar agade

Agade ita ce babbar ayabar suya, wadda ta wadata a kasuwannin Kudu. A zaɓi nunanniya wadda bawonta ya fara baƙi. A markaɗa guda 1 ko a daka ta, a sa ƙwai 2, garin alabo cokali 2, da gishiri. A soya kamar ta farko. Ta fi ta ayaba riƙe ciki, saboda haka ta dace da ɗan makaranta.

Lallaɓar wake

A surfa wake gwangwani 1, a wanke, a jiƙa har ya yi laushi. A markaɗa shi da albasa da ɗan tattasai kamar za a yi ƙosai, amma a ƙara masa ruwa ya fi na ƙosai saki. A sa gishiri da cokali 1 na manja, a buga sosai. In da hali a fasa ƙwai 1 a ciki, in babu ma tana yi. A zuba ludayi ɗaya a kasko mai ɗan mai, a baza shi ya yi fele-fele, a rufe. A tabbata ta nuna ciki da waje, domin ɗanyen wake yana ɓata ciki. Ana iya yanka dafaffen zogale ko alayyaho a cikin kwaɓin. A cikin wainonin nan ita ce ta fi gina jiki, ita ce kuma mafi araha.

Wainar dankali

A dafa dankalin Hausa, a ɓare, a murƙushe cikin gwangwani 1. A sa ƙwai 2, garin alabo cokali 2, da ɗan ruwa ko madara. In an sami dankali mai jan ciki ya fi, domin yana da bitamin A mai yawa. Ana iya yin irinta da ragowar dafaffiyar doya ko makani.

Fanken alabo

Wannan ita ce ta fi kama da wainar fulawa, ga yaron da ke kukan a ba shi irin ta 'yan'uwansa. A tankaɗe garin alabo gwangwani 1, a sa ƙwai 2, madara ko madarar waken suya gwangwani 1, mai cokali 1, sukari cokali 1, da gishiri. A kwaɓa har gudaji su mutu. Garin rogo yana shan ruwa fiye da fulawa, don haka in kwaɓin ya yi kauri bayan ya huta, a ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. In an raba garin biyu, rabi alabo rabi garin wake, amfaninta ga jiki zai ƙaru ƙwarai.

Sauran abincin safe da aka saba da su

Ba dole ba ne kullum sai waina. Ƙosai, wanda Yarbawa ke kira akara, wake ne tsantsa. Alale ma haka. Tubani na garin wake ko na gurjiya ya halatta in ba a sa masa garin masara ba, haka kuma okpa da ake sayarwa a Enugu da kewayenta, wadda da garin gurjiya ake yin ta. Akwai awara, da dafaffiyar doya da miyar ƙwai, da faten dankali da wake, da faten doya, da wainar rogo, da amala ta garin doya. Ɗanwake yana yiwuwa da garin wake da alabo da kuka kaɗai, amma sai a gida, domin na sayarwa yawanci akwai fulawa ko garin dawa a ciki.

Abin sha kuwa, ga wanda aka hana wa koko da kunu, akwai kunun aya, da madarar waken suya da aka tafasa sosai, da kindirmo ba fura. Ana iya yin kunun gyaɗa a kaurara shi da murƙusasshen dankali ko sitacin rogo a maimakon shinkafa. Kunun aya yana saurin tsami, a yi daidai wanda za a sha a ranar. Kada a riƙa haɗa wa yaro abinci da baƙin shayi, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin da ke ƙara jini. Lemo ko gwaba sun fi, su suna taimaka wa jiki ya tsotse shi.

Tsarin mako guda

Litinin: lallaɓar wake da yankan gwanda.
Talata: dafaffiyar doya da miyar ƙwai da manja.
Laraba: wainar agade da kindirmo.
Alhamis: alale da kunun aya.
Jumma'a: wainar dankali da madarar waken suya.
Asabar: ƙosai da kunun gyaɗa mai dankali.
Lahadi: fanken alabo da ayaba da lemo.

Domin rage wahalar safiya, a surfa wake da yawa a shanya ya bushe, a niƙa a ajiye garinsa a mazubi mai murfi. A dafa dankali ko doya tun da dare. In za a ba yaro ragowar abincin jiya, a ɗumama shi ya yi zafi sosai.

Inda alkama ke ɓuya

Kowa ya san burodi da biskit da kek da cincin da fanke da gurasa da funkaso da alkaki daga alkama suke. Amma akwai waɗanda ba a cika lura da su ba. Taliya da makaroni da taliyar leda ta yara da kuskus da garin semo duk alkama ce. Waɗansu masu waina sukan ƙara fulawa cikin ƙullun shinkafa. Lemon kwalba na malt da garin koko na shayi galibi suna da sha'ir. Waɗansu dunƙulen ɗanɗanon miya da garin yaji na leda suna da fulawa ko sitaci. Kastad daga masara ake yin sa, ya halatta ga wanda aka hana wa alkama kaɗai in takardarsa ba ta ambaci alkama ba, amma bai halatta ga wanda aka hana wa hatsi duka ba. Garin sakwara na leda ba kullum doya ce tsantsa ba.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta wajabta a rubuta abubuwan da aka haɗa a jikin kowane abinci na leda ko na gwangwani. A karanta kafin a saya. Wanda bai iya Turanci ba ya nemi ma'aikacin lafiya ya rubuta masa sunayen alkama da sha'ir da malt da gulutin da Turanci a takarda, ya riƙa gwadawa da abin da ke jikin kayan. Abin da ba a tabbatar da shi ba, a bar shi. Daddawa da albasa da busasshen kifi sun isa su ba miya ɗanɗano.

Tsabtar kayan girki

Ga mai cutar siliyak, ɗan kaɗan ma yana cutarwa, ko da ba a ga alama a ranar ba. Ƙa'idar da ƙasashen duniya suka amince da ita a 2008 ita ce ba za a ce abinci ba shi da gulutin ba sai in bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba, watau kashi 20 cikin miliyan. Ɓarɓashin burodi a kan faranti ya isa ya wuce wannan iyaka. Saboda haka:

1. A ware wa yaron rariyarsa, da muciyarsa, da kaskonsa. Rariya da kayan katako suna riƙe gari ko an wanke su.
2. A fara girka nasa kafin a taɓa fulawa, a rufe shi.
3. Kada a soya masa abu cikin man da aka soya fanke ko cincin. Wannan ne haɗarin ƙosan bakin titi, in mai suyar tana haɗa shi da fanke a kasko ɗaya.
4. A lura da injin niƙa na unguwa. In ana niƙa alkama a cikinsa, ragowarta tana shiga garin da ya biyo baya. Injin markaɗe a sa a wanke shi da ruwa kafin a zuba wake. Busasshen gari kuwa ya fi kyau a daka a turmi mai tsabta, ko a nemi injin da ba ya niƙa abin da aka hana.
5. A sayi alabo da garin wake wurin wanda aka amince ba ya gauraya su, ba ya kuma auna su da kwanon fulawa.

Gargaɗi na musamman

Rogo mai ɗaci yana da guba. Ba a yin gari da shi sai an ɓare, an jiƙa kwana 3 zuwa 5, an shanya ya bushe ƙarau. Kada a ba yaro ɗanyen rogo ko alabo mai ɗaci. A tsince gyaɗar da ta yi funfuna ko ta canza launi a zubar, domin tana lalata hanta. Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ko aya ƙwaya-ƙwaya, tana iya shaƙe shi, a daka masa. Kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma. Jariri kuwa nonon uwa zalla ya ishe shi har wata 6.

Ƙwai da gyaɗa da madara da waken suya su ma suna sa wa waɗansu yara borin jini. In likita ya hana ɗaya daga cikinsu, a zaɓi abincin da babu shi, kamar lallaɓar wake ba ƙwai, ko alale, ko tubani. Yaro mai ciwon sukari sai an tsara masa yawan doya da rogo da agade da zai ci tare da likitansa. In yaro ya ci wani abu leɓɓansa ko fuskarsa suka kumbura, ko numfashi ya gagare shi, ko ya yi ta amai har ya galabaita, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙa magani a gida.

Aikin dukan gida ne

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sau da yawa uwa takan kiyaye, amma kaka ko maƙwabciya ta miƙa wa yaro biskit don ƙauna, tana cewa guda ɗaya ba ya kome. Ya kamata maigida ya tara mutanen gidan ya bayyana musu cewa umarnin likita ne, kuma ba tsirfa ba ce. A sanar da malamin ajin yaron, a kuma riƙa haɗa masa abincinsa daga gida maimakon a ba shi kuɗin tara. In za a je suna ko biki ko yawon Salla, a tafi masa da abin da zai ci, kamar wainar agade ko ƙuli-ƙuli ko dabino, don kada ya zauna yana kallon 'yan'uwansa. Yaron da ya fara wayo a koya masa ya ce, "Na gode, likita ya hana ni," ya kuma riƙa tambaya kafin ya karɓi abu.

Ya fi kyau a wasu ranaku dukan gida su ci irin abincinsa. Ƙosai da alale da doya abincin kowa ne. Yin haka yana rage wa uwargida girki biyu, yana kuma hana yaron jin an ware shi.

A ci gaba da kai shi awo asibiti kamar yadda aka tsara, a riƙe katinsa da kyau. Yaro mai cutar siliyak da aka tsare wa abinci yakan fara samun sauƙi cikin 'yan makonni, nauyinsa ya fara hawa cikin 'yan watanni. In an kiyaye amma nauyi bai ƙaru ba, a koma wurin likita, wataƙila alkama tana shiga ta wata kafa da ba a lura da ita ba. Samun sauƙi kuma ba izinin komawa cin burodi ba ne, sai abin da likita ya ce.

Abubuwan tunawa

1. Likita ne ke hana hatsi, bayan gwaji.
2. A tambaya wane hatsi aka hana, kuma har yaushe.
3. Kada a bar yaro da rogo kaɗai, a haɗa masa da wake, ƙwai, kifi ko nono, da mai, da ganye.
4. A karanta takardar jikin abinci kafin a saya.
5. A ware kayan girkinsa da man suyarsa.
6. A sanar da dangi da malamai.
7. Kada yaro ya fita makaranta bai karya ba, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ma'aikatan lafiya a asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa da shi.